Gaisuwar Malam a Tsakiyar Gwajin Tuƙi

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba a aikin nan ita ce ranar da Bature ya gwada ni tuƙi, zamanin En'e. Shekara bakwai ina karen mota tsakanin Sakkwato da Shagari. Sai aka ce an kawo sabuwar babbar mota, wanda ya samu lasin shi za a ba. In na faɗi, sai baɗi, motar kuwa ta tafi hannun wani.

Ku yaran yanzu ba ku san gwaji ba. Da hannu ake juya ƙarfe a tayar da inji. Da hannu ake nuna za a tsaya ko za a karya kwana, ta taga. Sai ka yi baya tsakanin ganguna biyu ba ka taɓa ko ɗaya ba. Na ƙarshe shi ne tashi a kan hawa: a sa kwalin ashana bayan taya, in mota ta zame ta murƙushe shi, ka faɗi.

A Bodinga na gama da ganguna lafiya lau. Bature ya shigo gefena da takardarsa, muka kama hanyar Shagari. Akwai wani ɗan hawa mai sauƙi a gaba inda aka saba gwadawa, na ma haddace shi.

Ba mu kai can ba. Muna tsakiyar wani mugun hawa da ke fitowa daga rafi, sai ga Malam Buba, wanda ya koya mini karatun allo, bisa jakinsa. Ina zaune sama kamar hakimi, in wuce Malam in bule shi da ƙura? Wallahi ban ma yi shawara ba. Na fid da hannu, na raɓa gefe, na ja birkin hannu, na kashe inji na bar motar a giya, na diro na cire takalmi na durƙusa.

Malam ya amsa gaisuwa a tsanake, har da tambayar mutanen gida, sannan ya leƙa motar ya ce, "Kai Umaru, Bature na ka bari cikin rana? Tashi ka tahi!"

Ina juyowa na tarar Baturen ya sauko, fuskar nan ja wur. Na ce a raina shi ke nan, sai baɗi. Ya ciro ashana daga aljihu, ya ajiye bayan taya, ya ce da Hausarsa mai tsami, "Kai ka zaɓi wuri. Nan za ka tashi."

Na cire giya, na juya ƙarfe inji ya tashi, na hau na taka kuloci. Malam ya ƙi tafiya, ya tsaya yana motsa baki. Na ba ta wuta a hankali har na ji ta ɗaga hanci, na saki birki. Ta haye ko tari ba ta yi ba.

Bature ya ɗauko kwalinsa lafiyayye. Ya ce tsayawar ce ta fi burge shi, domin hankalina duk yana kan tsohon, amma hannuna bai manta komai ba. Na dawo Bodinga da lasin, baki har kunne.

Abin da na koya ke nan: ba a wurin da ka haddace ake gane direba ba, sai inda hanya ta zo maka ba shiri. Malam kuwa har ya bar duniya yana gaya wa mutane addu'arsa ce ta riƙe motar. Ban taɓa yi masa musu ba.