Ƙirgau da Matattun Ƙwayayen Fada

Ɗan goggona ya yi shekara goma sha tara yana riƙe da makullin siton fada. Ƙirgau muke ce masa a gida, ni kuma na laƙaba masa, don tun muna yara ko ashana ka ara a wurinsa sai ya ƙirga tsinkayen kafin ya ba ka, ya sake ƙirgawa in ka dawo da ita. Shi ya gama makaranta. Ni kuwa makarantar ce ta gama da ni tun a aji uku.

Sabulu, tsintsiya, bokiti, labule, ƙwan lantarki, duk daga hannunsa suke fita. Ofishin Ma'aji ya ware kuɗin wata, a sayo kaya a jibge masa, shi kuma ya raba wa masu wanki, masu shara, masu girki da direbobi. Doka ɗaya ya kafa: ba ka karɓar sabo sai ka kawo gawar tsohon. Tsintsiya ta ƙare, kawo kututturen. Ƙwai ya mutu, kawo shi ya girgiza a kunne. Na rantse ko sarkin ne ya aiko neman sabulu, sai Ƙirgau ya ce a turo ɓarɓashin na jiya.

Matsalar ita ce gawarwakin ba a zubar da su sai da takardar izini daga Ma'aji. Ya rubuta neman izinin har biro ya gaji, shiru. Da sito ya cika, sai bawan Allah ya riƙa ɗaura kwalayen matattun ƙwayaye a bayan keke yana kaiwa gidansa, yana jerawa a ɗakin da ke kusa da kicin, kowane kwali da watansa a rubuce.

Ran nan ina shagon aski, hira ta yi daɗi, bakina ya fara ƙaiƙayi.

"Ku kuna maganar masu kuɗi," na ce, "ku je gidan Ƙirgau ku ga ƙwan lantarki! Kwali kan kwali har rufi. In ya kunna su duka, jirgin sama sauka zai yi a tsakar gidan."

"Kai dai ka cika ƙarya!" in ji mai aski.

"Ƙarya? Da idona na gani, kowanne da hatimin fada a jiki."

Ban ce matattu ba ne. Na sani sarai, amma da na faɗa, da dariyar ta lalace. Wanda ake yi wa gyaran fuska, ashe direban Ma'aji ne.

Kwana uku sai ga Ma'aji da akawu biyu a ƙofar gidan Ƙirgau. Maƙwabta suka fito har da masu jego. Ƙirgau ya ce matattu ne, aka ce a gwada. Ya hau kujera a falo, yana ɗaura ƙwai yana kwancewa, akawu na danna makunni, tun hantsi har la'asar. Dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Goggo na zaune bakin ƙofa tana kallonsa a kan kujerar. Ni ina cikin 'yan kallo, a can baya.

Ko ɗaya bai kama ba.

Ma'aji ya rufe littafi ya ce, "Ba ka ci ko sisi ba, na shaida. Amma kayan fada, ko matacce ne, ba ya kwana a waje." Aka karɓi makullin aka ba wani. Shi kuma aka mai da shi bakin ƙofar fada, yana rubuta sunayen baƙi.

Sai da na yi wata guda ina kewaya titin fadar kafin na iya zuwa. Na same shi a kan benci, littafi a cinya, ya rame.

"Ƙirgau," na ce, "wallahi wasa nake yi."

Mutumin da tun ina rarrafe bai taɓa kirana da komai ba sai Rediyo, ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. Wajen wa ka zo?"

"Haba ɗan goggo, wajenka mana."

Ya duba agogo, ya rubuta sunana da lokacin, da kyakkyawan rubutun nan nasa.

"Ba a ganin ma'aikaci a bakin aiki," ya ce. "Ɗan matsa, akwai mutane a bayanka."

Na juya. Babu kowa a bayana. Na dai matsa.