Aron Turmi

"Agaji? Babu wanda ya ba kowa agaji."

Amsar da na yi ta sha ke nan mako uku, daga Makera har Ɗantutture. Binciken digirina na biyu nake yi a fannin kula da jin daɗin jama'a, kan yadda mutanenmu suka tallafi juna a yunwar farkon zuwan Turawa. Malamina har ya ce in babu bayani, in sake batu.

Jiya ina tattara takarduna a gidan wata tsohuwa, Inna Hure, sai ta ce, "Ɗiyata, tambayar taki ce babu kara. Kakata ta ce aron turmi suka yi."

"Aron turmi kuma, Inna?"

"In gida ya kwana biyu ba a ji daka ba, sai maƙwabciya ta aika aron turminsu. Ranar maido shi, da gero a ciki. Wa ya bayar? Wa ya roƙa? Aro ne kurum."

Na koma kan tabarma na buɗe littafina.

Ashe an yi taimakon, sunansa aka sauya don kada mai yunwa ya ji kunya. Ku a garinku, da wane suna ake ɓoye shi?