Wankan jegon da ban yi ba

Shekarar da matar autana ta haihu, shi yana aiki can wani tsibiri da suke kira Madagaska, ƙasar da ruwa ya kewaye ko'ina. Ya aiko mini da takardun jirgi. Ni da ban taɓa wuce Gusau ba, na ɗaure kanwa da kayan yaji da busasshen ganyen darbejiya, na bar unguwarmu Minanata, don jikan fari ba a barin wankansa ga baƙo.

Tun filin jirginsu anka karɓe ganyen. Wai kada in shigo musu da cutar da za ta taɓa itatuwansu da namun dajinsu. Na ce a raina ruwan zafi dai ba ya ƙarewa a duniya.

Da munka isa gida na iske an ɗauko wata mai farar riga tana kula da jaririn. Likita ya hana wankan zafi, ya hana kunun kanwa. In na miƙa hannu, sai surukata ta ce barci yake, ko yanzu ya sha nono, ko in bari in huta tukuna.

Kullum da safe sai ɗana ya sa direba ya kai ni kallon dabbobi. Na ga hawainiya awa damtsena. Na ga wani abu, ba biri ba, ba mage ba, ido jajir, wutsiya doguwa mai zobe-zobe, yana tsalle da ɗansa manne a baya. Sai kwana na shida na gane fitar da ni ake daga gidan.

Na ce masa, "Auta, dabba na zo gani?"

"Inna, mutane kuɗi suke biya su zo kallon wanga abu. Ki more."

Na ce a maido ni gida Minanata, bai kuwa roƙe ni in tsaya ba.

Matan unguwa sunka cika ɗakina barka da dawowa. Wata tsohuwar ƙawata ta tambaye ni wa yaron ya ɗauko, uban ko kakansa marigayi. Sau biyu na riƙe shi, duka a naɗe cikin tawul. Da wutsiyar dabbar can ta tambaye ni, da na faɗa mata zobe nawa ke gare ta, baƙi da fari, don na zauna na ƙirga.