Yadda Na Zaɓi Madabod Kamar Ragon Layya

A shekarun farko da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, babu abin da ya yi kasuwa a unguwarmu ta Kakuri, a Kaduna, kamar takardar koke. An ce yanzu akwai 'yan majalisa masu sauraron talaka, sai kowa ya tuna yana da abin faɗi. Mu ma tsofaffin ma'aikatan masaƙa da aka sallama muka kafa ƙungiya, aka naɗa ni magatakarda. Na rubuta kokenmu da ajami, shafi huɗu, don da shi hannuna ya saba tun ina gaban malamina, Allah ya jiƙansa. Shugaban ƙungiya ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Malam, in ka kai musu wannan ai cewa za su yi laya ka haɗa musu. A juya shi Turanci, a buga da kwamfuta."

Ina da maƙwabciya, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta daɗe tana buga takardu a ofishin masaƙar kafin a sallame mu tare. Madam muke ce mata. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ta kama ɗan shago a unguwar Narayi, tana tara kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya don a haɗa mata. Abu guda ya rage, madabod, wato allon nan da ake dasa dukkan kayan cikin na'urar a kansa. Shugaba ya ce ya ba ta aikin, amma takarda ta fito kafin safiyar Litinin. In ba ta fito ba, zai kai wa masu buga takardu na ƙetaren gada, kuma duk wani aikin ƙungiya can zai bi. Wannan ne aikinta na farko, kuma idon unguwa na kanta.

To, a wajenmu ba a sayen babban abu sai da dattijo a gefe. Ni kuwa an san ni da ido. Shekara da shekaru ina duba yadi a masaƙa, zare ɗaya ya kauce sai na gani. In layya ta matso, ni ake ɗauka zuwa kara. Ko fasto ne zai sayi akuyar Kirsimeti sai ya aiko a kira ni. Saboda haka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Madam ta ce, "Baba Malam, a raka ni mana." Ban tambayi kaina me na sani game da kwamfuta ba. Na gyara hula na bi ta.

Mai shagon kayan ɗan Filato ne, mai fara'a, yana sayar da na hannu da ake shigowa da su daga waje. Ya ba ni kujera, ya jera alluna a kan tebur. Madam ta duba, ta nuna wani kore, siriri, ta ce, "Ni dai wannan na gani."

Na karɓa na jinjina, ba nauyi. Na ƙwanƙwasa, na ɗaga shi a hasken rana kamar yadi. A jikin kowane allo akwai wasu 'yan ganguna a jere, ba su wuce kan yatsa ba. Na wanda ta zaɓa duk kawunansu a shafe, kamar awakin da suka sha rani. Sai idona ya faɗa kan wani jan allo mai nauyi, gangunansa sun cika sun yi tozo, ɗaya ma har ya fito da wani abu ruwan ƙasa a ka.

Na ce, "'Yata, ga kaya kina kallon ramamme? Dubi wannan, ya ƙoshi har yana tsattsafo da mai."

Mai shago ya dubi Madam. Madam ta dubi ƙasa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ai Baba ya gani. Wa zai ja da idon manya?" Na yi bisimilla, na tofa addu'a a kan allon, aka naɗe mana shi a jarida. Da yamma mai haɗawa ya haɗa, na'ura ta kama. Na koma gida ina gode wa Allah da ya ba ni basirar da ba ta tsaya kan dabbobi kaɗai ba.

Ranar Asabar da hantsi muka zauna a shagon. Ina karanta ajamina, tana juyawa tana bugawa, shugaba na kan benci yana fifita da hularsa. Mun gama gaishe da masu girma, mun shiga zancen haƙƙinmu ke nan, sai gilashin na'urar ya yi baƙi. Na'ura ta yi ƙara ta sake tashi, abin da aka buga ya tafi. Muka koma farko. Muka sake gaishe da masu girma. Da muka iso zancen haƙƙi, ta sake ɗaukewa.

Shugaba ya ce, "Kai! Wannan na'ura ko 'yar jam'iyyar gwamnati ce? Gaisuwa tana karɓa, koke kuwa a'a."

A karo na biyar dariyarsa ta ƙare. Ya ce, "Madam, in ba ki iya ba ki faɗa. Kaya dai Malam ne ya zaɓa, ba a zargin kaya. Zan je in ci abinci, in na dawo ba labari, a ba ni takardata."

Da ya fita, Madam ta juyo gare ni. Can ta ce, "Baba Malam, in yi magana?"

"Yi mana."

"Tozon gangunan nan kumburi ne, ba ƙiba ba. Ka san gwangwanin tumatir in ya kumbura? To haka. Lafiyayyen shi ne mai shafaffen kai."

Na ce, "Subhanallahi! Kin sani tun jiya?"

"Na sani. Mai shagon ma ya sani."

"Me ya hana ki faɗa?"

"A tsakiyar kasuwa? In ƙaryata ka a gaban yaro sa'an ɗanka, gobe kuma in haɗu da matarka Hajiya a bakin famfo? Ni ba haka aka rene ni ba."

Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba. Girman da ake ba ni ne zai hana marayu tuwo. Da shugaba ya dawo na gaya masa laifina ne. Ya ƙi yarda, ya ce tawali'u ne irin na malamai, ina rufa mata asiri. Amma tunda ni na roƙa, ya bar ta zuwa Litinin ɗin.

Muka cire allon muka hau bas. Mai shago na ganinmu ya tashi ya ce, "Baba, wuta ce ta ƙona shi, wutar nan tamu ba ta da tarbiyya." Na ɗaga murya na ce ba wuta ba ce, ni ne ban sani ba. Maƙwabtansa suka taru suna cewa, "Haba Baba, daina faɗin haka." Babu wanda ya yarda ya karɓi tubana. Mai shago ya sake jera alluna, kuma a gabana ya jera su.

Madam ta matso ta raɗa mini, "Kai za ka nuna. In na yi tari, ka wuce."

Na miƙa hannu kan na farko, ta yi tari. Na biyu, tari. Na uku, tari har da buga ƙirji, sai da wata mai sayar da ayaba ta ce, "Sannu Madam, a kawo ruwa?" Da hannuna ya isa kan koren nan siriri na jiya, shiru. Na ɗaga shi na ce wannan. Jama'a suka ce, "Ka ji manya!"

Ranar Lahadi, ta dawo daga coci, ni kuma na yi azahar, muka zauna. Na'ura ta karɓi gaisuwa, ta karɓi koke har ƙarshe ba ta ƙifta ba. Da safiyar Litinin shugaba ya sa babbar riga ya kai takardar majalisa.

Ba a taɓa ba mu amsa ba. Bayan wata guda muka rubuta takardar tuni, sannan tunin tuni, sannan wata ta taya sabon shugaban kwamitin majalisa murna tare da tuna masa. Duk a shagon Madam aka buga su. Wasu ƙungiyoyin suka gani suka biyo mu, su ma ba a amsa musu ba. Da shirun masu girma ta ciyar da 'ya'yanta uku har suka gama sakandare. Alhamdulillahi.