Hoton Mahaifiyata a Ɗakin Takaba

Shekarun baya, shekarar da mahaifina ya rasu a gidanmu na unguwar Nima, ni ne mai sabuwar waya a gidan, kuma na ɗauki kaina babban mai hoto. Ko kyanwa ce ta yi hamma sai na ɗauka.

Mahaifiyata ta shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba leƙa ƙofar gida. Matar da ta saba ratsa kasuwar Agbogbloshie tana cinikin albasa da ƙarfin murya, ta koma ɗaki ɗaya ta yi shiru.

Wata safiya na kai mata koko, na same ta a bakin taga cikin farin mayafi. Hasken rana ya zubo ta labule ya kwanta mata a kafaɗa. Carbi na tafiya a hankali cikin yatsunta, idonta a kan takalman Baba da ba wanda ya iya ɗagawa. Hayaniyar motoci ma kamar daga wani gari take zuwa. Na daɗe a tsaye, na manta da kofin hannuna. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba.

Na ɗauki hotonta ba ta sani ba, na sa a shafina na sada zumunta, na rubuta a yi mana addu'a. Mutane suka yi ta yabo suna yaɗawa, kaina ya yi ta kumbura.

Kwana uku, sai ga gwaggona daga unguwar Maamobi. Ko zama ba ta yi ba.

"Kai, wane irin abu ne wannan? Har mai aski a Kawukudi ya nuna min uwarka. Ba ka da hankali kraa, ko kaɗan!"

Na ce, "Gwaggo, addu'a fa suke mata."

Mahaifiyata ta miƙo hannu, na ba ta wayar. Ta daɗe tana kallon kanta. Babu faɗa a muryarta.

"Wannan zaman na babanka ne, shi kaɗai na yi wa. Ni ban fita ba, kai ka fitar da ni."

Na karɓi wayar. Nan take na goge, na nuna mata.

"Mma, ga shi, na cire."

"Daga idon mutane ma ka cire?"

Na mayar da wayar aljihu.

Ta ƙarasa takabarta lafiya, ta koma kasuwa, ba ta sake tayar da maganar ba. Ni ne dai maganar ta zauna min a rai. A lokacin gani nake ƙauna ce ta sa ni, kuma ƙaunar ce, sai dai ban tambayi mai fuskar ba. Har yau ina ɗaukar hoto, amma sai na ce, "In ɗauka?" In aka ce a'a, na mayar da wayar aljihu.

Abin da ke min ciwo har yanzu shi ne, wani wuri, a wayar wani da bai san sunanta ba, mahaifiyata tana nan zaune tana takaba.