Turakun Zulfa Sha Biyu

Duk wanda ya san Zulfa 'yar Malam Fannami ya san ba ta da yawan magana, amma in ranta ya ɓaci ko kajin gidan ba sa giftawa ta gabanta. A wani ƙauye kusa da Auyo aka haife ta, gidan da kowa ya tashi da taɓon fadama a ƙafa, kuma ita ce ta fara shiga jami'a a zuriyarsu. Da aka ji fannin aikin gona ta zaɓa, dariya aka yi ta yi, wai a bar gona a gida a tafi birni koyon noma.

Da ƙyar ta kai shekarar ƙarshe. Malamin da ke duba binciken kammala karatunta ya yi watsi da batu biyu da ta kawo, na uku ma yana yamutsa fuska ya karɓa: ta shuka shinkafa iri huɗu a fangali goma sha biyu, ta yanke kowanne daban, ta auna abin da ya bayar daban. Ya gaya mata ƙarara, in babu waɗannan alƙaluma babu digiri, sai ta maimaita shekara. Tun ranar tsoron faɗuwa ya zauna mata a ƙirji, har ta rame.

Mahaifinta ya yanka mata gefen gonarsa. Ta yi shuka, ta kafa turaku sha biyu, ɗaya a kowane fangali, kowanne da lambarsa da jan fenti, ta ce, "Baba, don Allah kada kowa ya taɓa nan sai na zo." Ya ce to, irin to ɗin da dattijo ke yi hankalinsa na wani wuri. Wata huɗu tana zarya, mota zuwa Hadejia, babur zuwa bakin ruwa, sannan kwalekwale, da littafinta a cikin leda.

Saura kwana uku ta zo yanka, tana tsakiyar jarrabawa, labari ya iso ƙauye cewa ruwan ambaliya na tafe, har ya ci gonaki a wajen Miga. Nan da nan aka kira gayya. A fadama in aka ce gayya, ba a tsayawa tambayar iyakar wane da wane. Maza talatin da lauje suka faɗa gonar Malam Fannami tun daga wannan baki har wancan, suka loda dammuna a kwalekwale, suka zube a kan tudu tsibi guda, aka sussuke.

Zulfa ta sauka ran Asabar da ma'auninta da buhuna sha biyu masu lamba. Mahaifinta ya tarbe ta yana washe baki.

"Mun ceto miki shinkafar, Zulfa. Ko zangarniya ɗaya ba mu bar wa ruwa ba."

"Ina tawa take, Baba?"

Ya nuna mata tsibin. "Ga ta nan cikin 'yan'uwanta. Ai ba ta ɓata ba."

"Turakun fa?"

Iya, kakarta, ce ta amsa daga madafa. "Itatuwan nan masu jan baki? Da su na dafa wa masu gayya dambu. Busassu ne, sun ci wuta da kyau."

Zulfa ta yi jifa da buhunan. Ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba sai ran nan. "Shekara biyar, Baba. Abu ɗaya tak na roƙe ka. Kun haɗe min shekara biyar kun zuba a tsibi, kuna jira in yi godiya."

Ni dai ban ga laifinta ba. An maida maganarta wasan yara don kawai 'ya ce, don kuma a ganinsu shinkafa shinkafa ce. Abin da ya fi ci mata rai shi ne da ta je bakin gonar ta tarar ruwa ya kai ƙirjin mutum daidai inda fangalinta suke. Da ba su yanka ba, ko ƙwaya ba za a samu ba. Ga haushi cike da ciki, ga shi ba wanda za ta sauke wa shi gaba ɗaya.

A makaranta wata ƙawarta, Nuriyya, ta ce ta zauna ta ƙirƙiro lambobin kawai, wa zai je Auyo ya duba? Zulfa ta ɗauki biro, ta rubuta layi biyu, ta yage takardar. Ta je ta faɗa wa malamin gaskiya. Bai ko ɗago kai ba ya ce ta sake shukawa da rani, ta dawo baɗi.

'Yan ajinta suka sa rigar yaye suka yi hotuna, ita tana gida. Shinkafar nan ce ta riƙe gidansu a shekarar, amma ko loma ɗaya ba ta kai bakinta ba, tuwon dawa take ci ita kaɗai.

Da ruwa ya janye, wata safiya Malam Fannami ya dawo daga Hadejia da wani abu mai nauyi ɗaure a bayan babur. Ya kwance ya zube a gabanta, bai dubi fuskarta ba. Turakun ƙarfe ne, sha biyu, ya sa maƙeri ya ƙera.

Ya ce, "Waɗannan ba sa cin wuta."

Ba ta gode masa ba. Ta ɗauki gwangwanin jan fenti ta yi gaba, ya ɗauki guduma ya bi ta a baya.