Ruwan Baba Tsonka

A ƙauyen Kalinov Dol da ke cikin duwatsun Bulgeriya, ba a barin mai doguwar tafiya ya fita sai an watsa ruwa a gabansa ya bi hanyar da zai nufa, don al'amuransa su gudana ba tangarɗa. Kowace tsohuwa ta iya, amma hannun Baba Tsonka aka fi nema. Shekara talatin da huɗu ta yi tana dafa wa 'yan makaranta abinci, kuma duk wanda ya gama ya ɗaure kaya, ƙofarta yake fara zuwa. Ta watsa wa masu zuwa Jamus, ta watsa wa masu zuwa Sifen, ta watsa wa ɗan cikinta da matarsa. Hannun kuwa akwai albarka, don duk sun dace, ko ɗaya bai dawo ba. Har makarantar aka rufe saboda rashin yara.

Saura jikarta Ralitsa, 'yar shekara goma sha tara, wadda ta riƙe tun tana rarrafe. Ita ce tsohuwar ta rantse ba za ta watsa wa ruwa ba. Ta zauna ta yi nazari, ta gano wai rashin karramawa ke korar yara. Masu gonar inabi na da ranarsu, ungozoma na da tata, ko da yake an manta rabon da a haihu a garin. Sai ta tasa magajin gari Zahari a gaba, ita dai a ware wa matasa rana.

"Haba Baba Tsonka, waɗanne matasan?" in ji Zahari. "Ni ne fa yaro a majalisar nan, ga haƙorana a kofi suke hutawa."

"Kai dai sa hannu, ɗan nema. Da ludayina ka girma, kuma ban manta wanda ke sace min gefen wainar banitsa tun tana cikin tanda ba."

Shekara uku tana sintiri kafin takarda ta dawo daga gunduma da hatimi. Ranar bikin aka jera kujeru, tsofaffi arba'in suka hallara da sandunansu, Zahari ya yi jawabi a kan manyan gobe. Aka zo zaɓen gwarzuwar matasa, Ralitsa ta lashe ba hamayya. Manyan gunduma kuwa ba su zo hannu rabbana ba. Suka miƙa mata jan akwati mai taya, da takardar gurbin karatun jinya a Jamus.

Wuri ya kaure da tafi. Baba Tsonka ma ta tafa, tunda duk ido na kanta, amma baƙin ciki kamar ya kashe ta. Da ƙafarta ta je ta nemo abin.

Safiyar tafiya Ralitsa ta tsaya a bakin ƙofa da akwatinta.

"Kaka, ruwan fa? Ko ni ce ba za a yi wa ba? Kin watsa wa 'ya'yan mutane, sai taki za ki yi wa rowa?"

"Rufe min baki, ja'ira."

Ta ciko tsohuwar butarta ta tagulla, ta zo ta tsaya a waje, tana fuskantar gidan. Da ta watsa, ruwan ya bi ta tsakanin ƙafafun yarinyar, ya haura dokin ƙofa, ya malala tsakar ɗaki.

"Hannun ya tsufa," in ji ta, ba ta ɗago ba.

Ralitsa ta dubi ruwan, ta dubi kakarta. Ta san hannun nan bai taɓa kuskure ba: inda ruwansa ya nufa, can matafiyi ke ƙarewa. Ta rungume ta sosai, sannan ta ja akwatinta ta gangara wajen mota.

Baba Tsonka, wadda ba ta iya ganin ɗigo a daɓenta ba ta ɗauko tsumma ba, ta jawo kujera ta zauna tana kallon ruwan har ya bushe.